Dabaibayi a Kwarin Tarka

Rijiyar da Rissa yake shayar da dabbobinsa, can arewa da Belbeji, ta fara ba da laka tun bazara ba ta yi nisa ba. Raƙuma ba su damu ba. Awaki kuwa ko ƙaya suka samu sun ci sun kwana. Goɗiyar ce damuwa. Gunya ce mai farar geza, cikinta wata goma, ga kofaton gaba na dama ya tsage, har tana ɗingishi idan ƙasa ta ɗauki zafi. Doki ba raƙumi ba ne. Ka hana shi ruwa yini ɗaya, da yamma ka ga idonsa ya faɗa.

'Yarsa Halimatu tana aure a wani ƙauye kusa da Falanko, gidan manoma. Ita ta kira shi a salula ta ce, "Baba, ka kawo ta nan. Akwai harawa a kan rumfa, akwai dusa, famfo yana bayan gida. Kada ka bari ta haihu a bakin rijiyar da ba ruwa."

Faɗa da baki ba wuya. Da ƙafa tafiyar kwana uku ce ko huɗu, kuma da wannan kofato da wannan ciki Rissa ya sani, ko dai ta zubar a hanya ko ta kwanta ba ta tashi ba. Kamiyo kuwa, babbar motar da ke kwasar shanu ran kasuwa, ya sha ganin yadda ake yi. A cusa, a ɗaure ƙaho, a bi da sanda. Ko za a yanka shi ba ya sa ta ciki. Shi ya sa ya hau raƙumi ya tafi Belbeji neman Manzo.

Manzo mutumin Tanut ne, gajere, kakkaura, ba ya dariya sai da dalili. Ya daɗe yana tuƙa manyan motoci a hanyar Agadas kafin ya sauka ya sayi tasa, wata farar a-kori-kura mai shan fetur. A kan wannan direbobin tasha ke masa tsiya, don a ƙasar nan mai son jan kaya gazuwal, wato man dizal, yake nema. Sannan yana da wata tirelar dawaki da babu irinta daga Tanut har Damagaram. Hotonta ya gani a salula, ya kai wa wani mai walda a Damagaram, suka yi wata biyu suna yanka ƙarfe, suna haɗawa, suna faɗa da juna. Ba a gindin mota ake maƙala ta ba kamar amalanke. Dogon wuya ne da ita na ƙarfe, ya tashi sama, ya lanƙwaso, ya sauko cikin bodin motar ya zauna a kan wani dunƙulen ƙarfe mai kamar ƙwallon goruba, daidai saman tayoyin baya. Mai Wuya ake ce mata. Da ita yake kai dawakin sukuwa Damagaram da Agadas.

Rissa ya same shi a tasha, a durƙushe cikin bodin yana shafa wa dunƙulen nan giris da yatsa. Suna cikin gaisawa wani direban kamiyo da ke shan shayi a gefe ya tsoma baki.

"Baba, wai wannan za ka ba amanar goɗiyarka? Motar fetur? Ai ko tudun tururuwa ta gani sai ta yi tari."

Manzo ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Taka mai shan gazuwal tun Talata tana kan duwatsu ba taya. Ita kuma tudun me ta gani?"

Aka kwashe da dariya. Manzo ya goge hannu da tsumma ya sauko.

"Baba Rissa, cikin wata nawa?"

"Goma."

"Ta taɓa shiga mota?"

"Ko kusa da mota ba ta son zuwa."

"Tana harbi?"

"Wanda ya cancanta."

"To madalla. Jibi da sassafe ina bakin zangonka. Abu ɗaya zan faɗa maka tun yanzu. A cikin tirelata kai kawai ake ɗaurewa, da ragama, shi ma da saki. Ƙafa ba a taɓa ta."

Rissa ya ce, "To." Amma irin to ɗin nan ce ta dattijo, wadda ake faɗa don a wuce wurin. Shekararsa sittin da wani abu yana tare da dabba. Ba direba ne zai koya masa ɗaurin doki ba.

Ran tafiya rana tana fitowa ya ji ƙugin motar. Abin da ya fara ba shi mamaki shi ne Manzo bai tsaya inda aka nuna masa ba. Sai da ya zagaya zangon a hankali, ya sami wani ɗan tudu, ya yi baya har ƙofar tirelar ta sauka a kansa kusan a miƙe, don kada goɗiyar ta ga hawa. Kuma ya juya ta yadda hasken rana zai shiga ciki. Ya ce doki ba ya shiga rami mai duhu, kuma yana da gaskiya. Ya ɗebo yashi da shebur ya shimfiɗa a daɓen ƙarfen har ya rufe idon sawu. Ya rataye ɗan ƙullin harawa can gaba.

Gunya ta zo bakin ƙofa ta toge. Ta hura hanci, ta ja baya. Rissa ya lallashe ta, ta zo, ta sake ja baya. Wani maƙwabci da ya zo kallo ya ɗaga tsumagiya.

"Ajiye," in ji Manzo. "In ka dake ta yau ta shiga, gobe sai da mutum goma."

Ya je ya zauna a gefen ƙofar, ya ba ta baya, yana ɓare gyaɗa kamar ba shi da wurin zuwa. Kusan awa guda aka yi a haka. Ta sa ƙafa ɗaya, ta cire. Ta sa biyu, ta tsaya tana shinshinar yashin. Can sai ta shige kamar dama ɗakinta ne. Manzo ya tashi ba gaggawa, ya tura sandar baya, ya rufe ƙofa. Ya shiga ta ƙaramar ƙofar gefe ya matsar da ita gaba kaɗan har nauyinta ya zauna daidai kan tayoyin tirelar, ya ɗaure ragamar ya bar mata saki kamar kamu biyu, yadda za ta iya sauke kai ta yi tari.

Suka kama hanya.

Rissa ya sha shiga motocin kasuwa, ya san yadda direba ke fizgar mota mutane su haɗu da juna. Wannan kuwa bai san lokacin da suka tashi ba. Sai dai ya ga bukkarsa tana ja baya. Manzo yana riƙe da sitiyari da hannu biyu, ido a hanya, ido a madubi. Rami yana can nesa ya riga ya cire ƙafa daga totur. Birki kuwa kamar mai taka ƙwai. In za su karya kwana sai ya wuce kamar ya manta da ita, sannan ya juyo a faɗaɗe, don Mai Wuya ba ta bin sawun motar, ta ciki take yankewa. Injin yana ta kuka da siririyar murya, ba irin gurnanin gazuwal ba.

"Ba ta wahala ba kuwa?" in ji Rissa. "Na ji tana ihu."

"Haka take. Gazuwal da ƙirji yake ja, fetur da maƙogwaro. In ka hana ta ihu ka kashe ta. Ni wannan nake kallo." Ya nuna allurar zafin inji da haɓa. "In ta wuce rabi mu tsaya, ko waye ke jira."

Sun yi tafiya mai ɗan nisa, sai Manzo ya ce, "Goɗiyar ta sauke nauyinta a hagu. Tana hutar da mai ciwon."

Rissa ya waiwaya. Ba abin da ake gani ta gilashin baya sai wuyan ƙarfe.

"Wa ya faɗa maka?"

"Kujerata. Wuyan nan a bayana yake zaune. Duk takun da ta yi yana zuwa min nan." Ya bugi cinyarsa.

"Kai direba, ka ji tsoron Allah."

"In mun tsaya ka duba."

Da suka tsaya shan ruwa Rissa ya leƙa ta tagar gefe. Ga ta nan, ƙafar dama a sake, kan kofato kawai ke taɓa yashi. Ya koma ya zauna, ya gyara amawali, ya ɗan saci kallon gajeren mutumin nan.

Rana ta kusa tsaka suka iso bakin kwarin Tarka. Akwai wurin da motoci ke bi, amma zagaye ne mai nisa, ga hanyar duk kwazazzabo, Manzo ya ce girgizar za ta fi cutar mai ciki. Nan kuwa yashi ne lallausa, fari tas, shimfiɗe har can wani babban gawo a ɗaya gefen, bayansa ɗan hawa. Manzo ya ƙi tsayawa a kan ciyawa. Sai da ya nemi fili tsirara, ya ce salansar fetur in ta yi zafi ta taɓa busasshiyar ciyawa, sai dai a ji labari. Ya buɗe bakin mota ta sha iska. Ya bi tayoyin nan takwas, huɗu na mota huɗu na tirela, yana rage musu iska da kan ƙusa har suka yi tumbi. Sannan ya ce, "Bari in taka shi da ƙafa in gani." Ya shiga yashin yana tafiya yana caka sanda, har ya koma ɗan ƙarami.

Rissa ya zagaya wurin goɗiyarsa. Tsayuwar nan ta sa zafi ya taru a cikin tirelar. Gumi ya jiƙa mata wuya. Tana tono da ƙafar gaba, mai ciwon ma, tana bugun ƙarfen gefe, kwas, kwas, kwas. Kowane bugu a ƙirjinsa yake sauka. In ta ci gaba a haka, kofaton zai ƙarasa tsagewa.

Ya san maganin abin. Tun tana duƙusa, kullum da yamma yake durƙusawa ya sa mata dabaibayi, da ta ji igiya a ƙafa sai ta natsu, ta san an gama yini. Haka ubansa ya yi wa nasa dawakin. Raƙumi ma in za a sa shi mota sai an durƙusar da shi an ɗaure gwiwa, kowa ya san wannan. Dabbar da ke fizge-fizge ɗaure ta ake yi, don amfanin kanta. Ya duba, Manzo yana can nesa. Ya zaro igiyar daga aljihun riga, mai laushi ce, da hannunsa ya tufka ta. Ya shiga ta ƙofar gefe, ya durƙusa, ya haɗa ƙafafun gaban ya ɗaure, ya bar tazarar da yake bari kullum. Nan take ta daina. Ta sauke kai ta shafi rawaninsa da hanci.

Ya fito ya rufe ƙofa yana jin daɗin kansa.

Manzo ya dawo yana share gumi. "Daga nan har gawon can ba tsayawa. Wanda ya tsaya ya nutse. A ƙarshe akwai hawa, shi kuma sai da gudu. Goɗiyar za ta ɗan ji jiki, amma za ta riƙe kanta. Na ji ta yi shiru ma."

"Ta gaji ne," in ji Rissa.

Manzo ya rufe bakin mota, ya sa ƙafa huɗun duka su ja, ya yi bisimilla suka faɗa. Motar ta shiga yashi kamar kwalekwale, tana lilo, gaba yana neman zamewa yana dawo da shi da ɗan motsin hannu. Injin ya ɗaga murya. Sun ci kamar sulusin wurin sai Rissa ya ga fuskar Manzo ta canja. Ya ɗan karkata kai kamar mai sauraron magana a bayan ɗaki.

"Ba ta takawa."

"Me?"

"Ba ta gyara ƙafa. Gaba ɗaya take zuwa, kamar buhu." Wani abu ya bugi gefen tirelar, motar ta amsa har cikin kujera. "Baba Rissa, me ka yi mata?"

Rissa ya ce, "Tana tono ne. Na ɗan sa mata dabaibayi."

Ya jira zagi. Manzo bai ko dube shi ba. Ido ya kai kan gawon, ya kai kan hawan da ke bayansa, ya dawo kan madubi. Rissa ba direba ba ne amma ya gane lissafin. In suka ci gaba, hawan nan sai an taka mota, kuma fizga ɗaya za ta kwantar da goɗiyar a kan cikinta. In suka tsaya, sun nutse a tsakiyar kwari da rana tsaka. In ya taka birki, ta tafi da ka.

Manzo bai taɓa birki ba. Ƙafarsa ya dinga ɗagawa daga totur kaɗan-kaɗan, kamar mai zare hannu daga ƙarƙashin kan jariri, ya bar yashin da kansa ya riƙe motar. Ta rage, ta rage, ta tsaya cak ba ko girgiza. Rissa ya ji tana zama a ƙarƙashinsa. Da idonsa a buɗe mutumin nan ya binne motarsa.

Manzo ya riga shi isa ƙofar gefe, wuƙa a hannu. Gunya ta faɗi a kan gwiwoyin gaba, kafaɗa jingine da ƙarfe, ƙafafun baya a tsaye suna rawa, ragama ta miƙe ta ɗaga mata kai sama. Idonta duk fari. Rissa ya yi wajen ƙafa.

"Kanta tukuna!" in ji Manzo. Ya yanke igiyar ragamar, kanta ya sauko, ta ja numfashi. "Riƙe ta. Yi mata magana da yarenku, ni ba ta san muryata ba."

Rissa ya rungume kan yana mata magana da Tamajak, maganar da shi kansa bai san me yake cewa ba. Manzo ya kwanta a yashi daf da kofatan da ke iya fasa masa kai, ya zura hannu ya datse dabaibayin, ya mirgino waje. Ta yi yunƙuri ɗaya ta koma. Ta yi na biyu, tirelar duka ta girgiza, ta miƙe.

Gwiwar hagu ta ɗaye, jini yana bin ƙafa. Wannan ba komai ba ne. Rissa ya sa tafin hannu a kwiɓinta, inda kullum yake jin ɗan yana shuri. Ya jira. Ya matsa ƙasa ya sake jira. Shiru.

"Yana motsi?" in ji Manzo.

"Ban ji ba."

"To. Ba a nan za mu sani ba. Fitar da ita, ƙarfen nan zai dafa ta."

Suka sauke ƙofa ta fito da baya. Yashin kamar an zuba garwashi. Manzo ya yanko wani tsohon buhu ya ninka, ya naɗe mata kofaton mai ciwo ya ɗaure da roba. Jarka biyu ce ta ruwa a motar, ɗaya tasu, ɗaya ta lagireto. Ya juye ta farko a bokiti ta shanye. Ya dubi ta biyun, ya dubi motar, ya zuba mata rabi.

"Motar fa?" in ji Rissa.

"Ita tana iya jira ta huce. Wannan ba ta iyawa. Kai ta inuwa."

Rissa ya ja ta a hankali har gindin gawon, ya ɗaure, ya jiƙa bakin rawaninsa ya goge mata gwiwa da wuya. Daga can yana hango Manzo shi kaɗai a tsakiyar farin yashi, ya tuɓe riga, shebur yana tashi yana sauka. Zama bai yiwu ba. Ya koma.

Tayoyin baya sun nutse har rabi. Shebur ɗaya ne, don haka Rissa ya durƙusa yana tono da hannu. Sun daɗe suna tono. Rashin zagin ya fi zagi ciwo.

"Ka faɗi abin da ke bakinka," in ji Rissa.

Manzo ya soke shebur ya tsaya yana haki. "Baba, in na tsayar da kai a bodin nan, na ɗaure maka ƙafa biyu, na ja mota, me zai faru?"

Bai jira amsa ba, ya ci gaba.

"Raƙumi a kwance yake tafiya. Doki a tsaye. Da ƙafa yake riƙe kansa, yana buɗewa yana rufewa, duk motsin mota yana amsa shi. Na faɗa maka kada ka ɗaure, ban faɗa maka dalili ba. Wannan laifina ne. Miƙo min farantin ƙarfen can."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Suka tura farantan ƙarfe biyu ƙarƙashin tayoyin baya, suka saro rassan tumfafiya suka jera a gaban na gaba da na tirela. Rissa ya ce ko a cire tirelar a fitar da motar ita kaɗai. Manzo ya girgiza kai, ya ce wuyan nan shi ke danne tayoyin baya su kama ƙasa, kuma in suka bar ta a nan babu mai dawowa baya ya ɗauke ta. Ya ƙara rage iska har tayoyin suka baje. Ya zuba sauran ruwan a lagireto, ya zauna a inuwar motar yana jiran allura ta sauko. Rissa yana ta kallon gawo, shi ko a jikinsa.

Gwajin farko motar ta hau faranti, ta yi taku biyu, taya ɗaya ya fara juyawa a banza. Nan take Manzo ya cire ƙafa. Wani direban da sai ya ƙara wuta ya haƙa wa kansa kabari. Suka sake tono, suka sake jera rassa, wannan karon da tsawo. A na biyu ya ɗaga muryar injin tun motar tana tsaye, ya dinga sakin kuloci a hankali har warinsa ya tashi. Ta motsa. Ta hau. Mai Wuya ta yi ƙara ta biyo. Bai tsaya ɗaukar kowa ba, ya miƙe, yashi yana tashi ta ko'ina, injin yana ihu kamar za a yanka shi, ya wuce gawon ta nesa don kada ya firgita goɗiyar, ya haye tudun ya tsaya a kan ƙasa mai tauri. Rissa yana tsaye a tsakiyar kwari da faranti a kowane hannu, sai ya ji kansa yana kabbara.

Saura shigar da goɗiyar. Wannan karon ko kallon ƙofar ba ta son yi, kuma ba mai ganin laifinta. Manzo ya gyara yashin ciki, ya kwashe mai jinin, ya ƙulla ragamar da ya yanke. Ya ɗauko famfon hannu ya fara mayar wa tayoyi iska, ɗaya bayan ɗaya, takwas, ya ce ta yi shawara da kanta. Suka yi taimama suka yi azahar. Rissa ya shiga cikin tirelar ya tsaya can gaba da harawa a hannu, yana mata 'yar waƙar da yake yi in yana jan guga. Sai da Manzo ya kai taya na bakwai sannan ta sa ƙafa.

Da aka rufe Rissa ya ce, "Bari in zauna ciki tare da ita."

"A'a. In ta zame a kanka za ta sauka. Ba ni da abin da zan faɗa wa 'yarka."

Rissa ya zagaya ya shiga gaba.

Suka ci gaba da tafiya. Jefi-jefi Manzo yakan ce, "Tana takawa," ko "Ta ja harawa," Rissa kuma ya gyaɗa kai, don yanzu duk abin da mutumin nan ya ce kujerarsa ta faɗa masa ya yarda. Abu ɗaya ne kujerar ba ta iya faɗa ba, shi kuma bai tambaya ba.

Bayan la'asar suka shiga ƙauyen. Halimatu ta fito da gudu, mijinta Abdulhafiz yana biye da bokiti biyu. Aka sauke ƙofa, Gunya ta fito da baya, taku-taku, ta tsaya a kan ƙafafunta huɗu ta girgiza jiki. Ta sa baki a bokiti ba ta ɗago ba sai da ta ga gindinsa.

Halimatu ta gaida ubanta, sannan idonta ya sauka a kan gwiwar.

"Wannan fa? Malam direba, haka ake kawo amana? An ce kai ne gwani, ka fi kowa. Dabba da ciki wata goma ka dinga gudu da ita kamar kayan albasa?"

Manzo yana naɗe igiya a hannu. Ya dubi Rissa, ya dubi surukin da ke tsaye yana saurare, ya sunkuyar da kai.

"Hanya ce, uwar gida. A yi haƙuri. A wanke da ruwan gishiri safe da yamma, kada ƙuda ya zauna."

Ya juya zai rufe tirela. Da Rissa ya yi shiru shi ke nan, maganar ta mutu, ba wanda zai taɓa ji. Dattijo kuma ba ya son faɗin wautarsa a gaban mijin 'yarsa. Ya ja amawali ya rufe baki, ya sake sauke shi.

"Halimatu, bar shi. Ni ne. Ya hana ni ɗaure mata ƙafa, na bari ya juya baya na ɗaure. Shi ya binne motarsa a kwari don kada ta faɗi a kan cikin."

Abdulhafiz ya sami abin kallo a cikin bokiti. Halimatu ta rufe baki da gefen mayafi. "Baba!"

"Na faɗa, an gama. Tun kwarin ban ji ɗan ya motsa ba. Hannuna ya mutu da tonon yashi. Zo ki sa naki."

Ta matso ta sa tafi a kwiɓin goɗiyar, ta kwantar da kunci a jikinta. Abdulhafiz ya kawo bokiti na biyu, Gunya ta ci gaba da sha, ana jin ruwan yana wucewa a maƙogwaronta. Manzo ya tsaya da hannu a kan sakatar ƙofa bai tura ba.

Sai fatar kwiɓin ta yi tsalle, a fili, har daga inda Manzo yake ana gani. Halimatu ta ja kai baya da sauri.

"Kai! Ya shure ni a kunne!"

Rissa ya nemi turmin da ke kife a gefe ya zauna. Manzo ya tura sakatar ta shiga.

"Uwar gida," ya ce, "in faɗan ya ƙare, a taimaka min da ruwa jarka ɗaya. Motar ma tun rana ba ta sha ba."